Rufe Littafin Ki Faɗa Min: Kundin Shekarata ta Farko a Jami'a

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau mako biyu cur da fara lakca. Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta yadda abubuwa ke tafiya duk Lahadin da na samu sarari, saboda kwanakin suna wucewa ban san inda suke shiga ba.

Ranar Laraba aka sauya ɗakin lakcar kemistiri, ni ban ji ba. Na zauna a tsohon ɗakin kusan minti 40, ni da wasu mutum huɗu, kafin muka farga. Ko da muka isa sabon wurin an tashi. Na kwana da fargaba, ina jiran a kira ni a tambaye ni dalili. Har yau babu wanda ya ce min kanzil. A sakandare da tuni an kira suna, an aika a nemo ni. A nan mun fi ɗari uku a ɗaki guda. Malami ya shigo da lasifika, ya yi awa biyu, ya tattara takardunsa ya fita. Kin zo ko ba ki zo ba, kin gane ko ba ki gane ba, ke ta shafa. Wasu 'yan ajinmu daɗin wannan 'yanci suke ji. Ni tsoro ya ba ni, domin duk tsawon karatuna ƙararrawa ce ke faɗa min lokacin ɗaukar littafi, malami kuma shi ke faɗa min ko na iya.

A taron wayar da kan sababbin ɗalibai wata malama ta yi mana lissafi a allo. Mako yana da awa 168. Kowane kwas yana da nauyinsa, wato yawan awannin zaman ajinsa a mako, kuma ƙa'idar da jami'o'i da yawa ke bi ita ce duk awa ɗaya a aji tana neman kamar awa biyu na karatu a waje. Kwasa-kwasaina takwas, nauyinsu 18. Ke nan awa 36 na karatun kaina, a haɗa da zaman aji ya zama 54. Idan na ware awa 56 na barci, saura 58 na cin abinci da wanki da ibada da zirga-zirga tsakanin ajujuwa. A allo abin ya zauna daram.

Abu uku zan riƙa ƙirgawa: barcina, awannin karatuna, da sau nawa na buɗe baki na yi tambaya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Barci: awa 5 a dare. Karatu: awa 33 a makon nan. Tambaya: ko ɗaya.

Tsarin da na kama shi ne in rubuta duk abin da ya fito daga bakin malami, da dare in sake kwafe shi cikin littafi mai tsabta, in bi muhimman layuka da maka, wato alƙalamin shafa launi, mai ruwan ɗorawa, sannan in karanta sau uku. Hannuna yana ciwo amma hankalina a kwance yake. Duk shafin da na buɗe sai in ji na san shi.

Mu huɗu ne a ɗaki. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Biyu daga cikinsu makarantarsu ɗaya tun sakandare, suna da hirarsu. Umma ta kira jiya da dare.

"Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Umma."

"Muryarki ba ta ce haka ba."

Na ce mata mura ce.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An dawo mana da gwajin kemistiri na farko. Na ci 7 cikin 20. Tunda nake ban taɓa ganin irin wannan maki a takardata ba.

Ina so in rubuta abin da ya faru a ɗakin gwajin dalla-dalla kafin ya gushe min. Tambaya ta biyu ta ce an haɗa giram 4 na haidirojin da giram 16 na oksijin, giram nawa na ruwa za a samu, kuma wanne zai riga ƙarewa. Ina karanta ta na ga shafin littafina a idona. Na san yana ɓangaren dama, na san akwai layi biyu masu ruwan ɗorawa a samansa, har ɗigon tawadar da ke gefe na tuna. Amma misalin da malam ya yi a aji na amoniya ne, wannan kuwa ruwa ne, sai na rasa ta inda zan kama. Na yi ta juya biro har aka ce saura minti biyar. Na haɗa 4 da 16 na rubuta 20.

Amsar giram 18 ce. Oksijin ne ke riga ƙarewa, giram 2 na haidirojin su yi saura. Layi huɗu ne aikin gaba ɗaya.

Ranar Juma'a wata 'yar aji uku da ke ɗakin da ke kallon namu ta tarar da ni zaune a bakin ƙofa da takardar a hannu. Yaya nake ce mata tun ranar da ta taya ni ɗaukar kaya. Ba ta yi min dogon rarrashi ba. Ta ce, "Ɗauko littafinki in ga yadda kike karatu." Ta juya shafukan a hankali, ta yaba rubutun. Sai ta rufe littafin ta ɗora tafin hannunta a kai.

"To ƙanwata, mene ne mol? Faɗa min kamar ban taɓa ji ba."

Mol ma'auni ne da ake ƙirga ƙwayoyin sinadari da shi a kemistiri, amma ni lambar kawai na haddace. Na ce 6.022 × 10²³.

"Madalla. Adadin mene ne wannan? Me ya sa ba a tsaya a giram ba, sai an bi ta kansa?"

Na yi shiru. Na kai hannu zan janye littafin, ta danne shi.

"Kin shaida shi ne, ba ki san shi ba," in ji ta. "Kamar mutumin da kike gani kullum a hanya. Kin shaida fuskarsa sarai. Amma a ce ki faɗi sunansa ko inda yake kwana, sai ido."

Kwana biyu ke nan maganar tana min yawo a kai. Awa 33 a mako ina kallon fuskar karatu, ban taɓa tambayarsa sunansa ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Barci: awa 6. Karatu: awa 24. Tambaya: 1, ita ma ma'aikaciyar laburare na yi wa.

A kwas ɗin amfani da laburare an koya mana neman mujallun bincike ta intanet, sai na gwada da abin da ke damuna. Ashe abin da Yaya ta yi min da tafin hannu an auna shi tuntuni. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan a sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari, waɗancan 71. Bayan mako guda abin ya juye: masu maimaitawa suka faɗo 40, masu gwada kansu suna 61. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da aka tambaye su tun farko, masu maimaita karatun ne suka fi tabbacin za su tuna. Wannan kwanciyar hankalin na san ta. Ita na rubuta a nan ranar 20 ga Oktoba.

A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa sun tace dabarun karatu goma da ɗalibai ke amfani da su. Biyu ne suka fito a sahun gaba: gwada kai, da rarraba karatu kwana-kwana maimakon a dunƙule shi a dare guda. Maimaita karantawa da shafa wa layi launi suna cikin na ƙasa. Wato dabaruna biyu da nake taƙama da su.

Na ajiye makar. Na daina kwafe littafi sau biyu. Yanzu kowane shafi ina ja masa layi daga sama zuwa ƙasa, siririn fili a hagu, mai faɗi a dama, kamar yadda Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya tsara a shekarun 1950. Bayanin lakca a dama. Da yamma in mayar da shi tambayoyi a hagu, in rufe dama da takarda, in amsa da baki. Daga nan in ɗauki farar takarda in rubuta duk abin da na tuna daga lakcar ranar, sannan in buɗe in ga abin da na bari.

Gaskiya babu daɗi. Da can ina tashi daga karatu da jin na yi aiki. Yanzu ina tashi da jerin abubuwan da ban sani ba. Ranar Talata farar takardar layi biyar kawai ta samu daga lakcar awa biyu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Barci: awa 6. Karatu: awa 27. Tambaya: 5.

Ranar Alhamis muka yi aikin auna ƙarfin asid a ɗakin gwaje-gwaje. Asid ɗin yana cikin kwalba mai faɗin gindi, an ɗiga masa digo biyu na fenoftalin, sinadarin da ke sauya launi idan ƙarfin asid ɗin ya ƙare, fari tas kamar ruwan sha. A sama kuma ga doguwar kwalbar awo da ake kira buret, cike da sodiyam haidiroksaid, da ɗan famfo a ƙasanta. Aikin shi ne ki riƙa sakin na saman kina kaɗa na ƙasan har ruwan ya koma ruwan hoda mai haske ya tsaya a haka. A karon farko na saki famfon da yawa. Abokiyar aikina tana cewa "Rufe! Rufe!" amma kafin in murɗa kwalbar ta rine jawur. Na karanta mililita 25.90 a jikin buret ɗin.

Ma'aikacin ɗakin, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, ya zo ya tsaya a bayana. Ya ce, "'Yata, sauko da idonki daidai ruwan. Daga sama kike leƙe, zai yi miki ƙarya." Na durƙusa. Saman ruwan a cikin buret yana lanƙwasa kamar jinjirin wata, ƙasan lanƙwasar ake karantawa. Ya nuna min in sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar, in kuma lura da yadda launin ke bayyana inda digon ya faɗa ya ɓace in an kaɗa. Idan ya fara jinkirin ɓacewa, an kusa, sai a koma digo ɗai-ɗai. Digo guda bai wuce mililita 0.05 ba, amma shi ke raba daidai da kuskure. Na biyu na samu 24.60, na uku 24.65. Ana so biyu su kusanci juna da tazarar da ba ta wuce 0.10 ba. Baba ya duba, ya gyaɗa kai, ya wuce tebur na gaba.

Ina son ɗakin nan. A cikinsa ba ki da damar ce wa kanki kin iya, ruwan ne zai faɗa.

Washegari na je ofishin malamin kemistiri a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai. Sau biyu ina wuce ƙofar kafin na ƙwanƙwasa. Na ce, "Malam, ban gane lissafin mol ba." Ya ce, "Wannan ya yi faɗi. Nuna min inda kika tsaya." Na fito da farar takardata, na nuna masa daidai layin da nake maƙalewa, wurin da ake komawa daga mol na abu ɗaya zuwa na ɗayan. Cikin minti goma ya warware min. Da a Oktoba na je, da ban san abin da zan nuna masa ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Barci: awa 4. Sauran ban ƙirga ba.

Makon nan na koma baya. Na fara amfani da ƙananan katuttuka, tambaya a gaba amsa a baya, bisa tsarin da wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ya fito da shi a 1972: katin da kika amsa daidai ya matsa akwati na gaba inda ake jinkirta dubawa, wanda kika faɗi ya dawo na farko. Ni ambulan uku na samu, na kullum, na bayan kwana uku, na mako-mako. A bayoloji abin ya yi min rana ƙwarai. Sai na zarce. Komai na mayar kati, har suka haura 400, na koma raba dare ina yanka takarda. Fiziks kuwa na yi watsi da shi mako biyu, don shi ba ya shiga kati, sai an zauna an yi ta warware lissafi. Ranar Laraba barci ya kwashe ni a lakcar ƙarfe takwas, na farka ana fita.

Masana barci suna cewa mai shekara 18 zuwa 25 yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kafe abin da aka koya da rana. Na san wannan. Na yi ta ciniki da shi ne kawai, ina ganin awar da na sata daga barci riba ce.

Akwai wani abin kuma da ban rubuta ba tun farko. Daren Alhamis na yi kuka sosai a ƙarƙashin bargo. Kewar gida ce, da wani tunani da ya daɗe yana bi na, cewa kowa a nan ya san abin da yake yi, ni kaɗai aka ɗauka bisa kuskure. Da na gaya wa Yaya sai ta ce a mako na shida na shekararta ta farko ta haɗa jakarta tsaf, ta kira gida ta ce a zo a ɗauke ta. Yayar da nake ganin kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ta ce, "Je ki tambayi na ɗakinku, ki ji." Na tambayi wadda gadonta ke saman nawa. Ta yi shiru, can ta ce ita a banɗaki take nata kukan don kada mu ji. Mun kai ƙarfe ɗaya muna hira, karon farko a wata biyu da rabi.

Wannan ma an bincika shi. Gregory Walton da Geoffrey Cohen sun wallafa a 2011 yadda suka ba 'yan ajin farko a wata jami'ar Amurka bayanan manyan ɗalibai, masu nuna cewa kusan kowa yana jin baƙunta da farko kuma abin yana wucewa. Zaman bai wuce kamar awa ɗaya ba, amma makin ɗalibai baƙaƙen fata da suka shiga ya ci gaba da hawa har tsawon shekara uku. Ban yi mamaki ba. Jin labarin jakar Yaya ya sauke min nauyin da nasiha ba ta sauke ba.

Daga yau fitila tana mutuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Katuttuka na bayoloji ne kawai.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Barci: awa 7. Karatu: awa 29. Tambaya: na daina ƙirgawa, sun yi yawa.

Na dawo daga hutun mako uku, ban taɓa littafi ba sai sau biyu. Ranar farko farar takarda ta ba ni tsoro, kamar an share allo. Amma abin da ya ci min mako guda a Nuwamba, a yini biyu ya dawo. Hermann Ebbinghaus, wanda ya wallafa bincikensa kan mantuwa a 1885 bayan ya yi ta haddace gaɓoɓin kalma marasa ma'ana yana gwada kansa, da irin wannan ma'aunin ya yi aiki: lokaci nawa mutum zai rage idan ya zo sake koyon abin da ya manta. Ya ga mantuwa ta fi gudu a awannin farko, daga baya ta lafa. Shi ya sa bitar yammacin ranar lakca ta fi min kowace bita tsada, ita ce ba na yarda ta wuce ni.

Mun kafa ƙungiyar karatu, mu huɗu: ni, ta saman gadona, abokiyar aikina ta ɗakin gwaje-gwaje da wata ƙawarta. Talata da Juma'a, awa ɗaya da rabi. Dokarmu ɗaya ce, kowa ta zo da tambaya uku, littattafai a cikin jaka. Zaman farko hira ta cinye rabinsa. Yanzu muna ajiye waya a tsakiyar tebur da agogo a kunne.

Saura mako biyu jarrabawa. Fiziks ne ke hana ni sukuni. Ramin da na haƙa a Disamba har yanzu bai cike ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An gama, alhamdu lillahi. A kemistiri an kawo tambayar wanne zai riga ƙarewa, da sinadaran da ban taɓa haɗawa ba, na yi ta ba tare da na tuna wani shafi ba. A fiziks na bar tambaya ɗaya da rabi. Ban kwana ido biyu ko sau ɗaya ba a makonnin jarrabawar. Umma ta ce muryata ta dawo.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Sakamakon zangon farko ya fito. Na zauna na lissafa da hannuna don in ga yadda abin ke aiki. A jami'armu A maki 5 ce, B 4, C 3, wasu jami'o'in kuma a 4 suke tsayawa. Ana ninka makin kowane kwas da nauyinsa, a tara, a raba da jimillar nauyi. Kemistiri B, bayoloji B, Turanci B. Na samu makin A har uku, a ɗakunan gwaje-gwaje biyu da kwas ɗin laburare. Lissafi da fiziks C. Jimilla 70, a raba da 18, ya ba da 3.89.

Lissafin ya nuna min abin da ban lura da shi ba. A ɗina na ɗakunan gwaje-gwaje nauyinsu ɗai-ɗai ne, fiziks da lissafi kuwa uku-uku. Da C ɗin fiziks kaɗai ta zama B, da na tashi da 4.06. Makonni biyun da na yi ina yanka kati a Disamba, a nan aka cire min kuɗinsu.

B ɗin kemistiri ta fi min komai daɗi, don na san daga 7 cikin 20 ta taso. Na kai wa Yaya ta gani. Ta rungume ni, sannan ta ce, "To fiziks fa?"

Zango na biyu ya yi mako biyar. Fiziks na wannan karon lantarki ne da maganaɗisu, kuma na lura tsohuwar ɗabi'ar tana neman dawowa ta wata ƙofa: ina karanta misalin da aka riga aka warware, in gyaɗa kai, in wuce. Daga makon jiya na koma rufe warwarar da takarda, in gwada da kaina tukuna, ko da zan yi minti 20 a kan tambaya guda. Cikin goma da na gwada jiya, huɗu na samu. Uku daga cikin shidan da na faɗi a wuri ɗaya na maƙale, wurin sa alamar ƙari da ragi idan ana zagaya da'irar lantarki da dokar Kirchhoff. Na kwafe su a takarda ɗaya, na ja layi a daidai inda kowace ta tsaya. Malamar fiziks tana ganin ɗalibai ranar Talata daga ƙarfe goma, lakcata ta safe kuma tana ƙarewa goma saura kwata.